Tambarin "gidan Bello" da na sayo a York

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, amma don Allah a bari sai an gama karantawa kafin a yi mini dariya. Ranar Asabar na kai iyali York shan iska, daga nan Leeds bai fi rabin awa ba a jirgin ƙasa. A cikin 'yan lungunan tsohon garin muka faɗa wani shago da aka cika bangonsa da ƙananan garkuwoyi masu launi, kowacce da suna a ƙasanta. Wata yarinya da ke zaune gaban kwamfuta ta ce in faɗi sunan gidanmu ta fito mini da tambarinmu. Na ce mata ni ai ba za ki same ni a ciki ba. Ta ce in dai gwada. Na ce Bello. Wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga garkuwa a allo, da kwalkwali a samanta, da wasu ganyaye sun zubo mata gefe da gefe, har da takarda mai bayanin asalin gida. Hanifa ta hau tsalle, uwarta ta ce a saya. Fam 45 na biya har da firam. Sai da muka dawo gida na natsu na karanta takardar, na ga wai zuri'ar Bello daga Italiya ta fito. Ni kuwa kakana a Gusau aka haife shi, a Gusau aka binne shi, iyakar tafiyarsa Makka. To masana, da gaske akwai tambarin da ke bin suna, duk mai sunan ya ɗauka? Ko sakiyar da ba ruwa aka yi mini?

Maman Ilham: Na gama karantawa, dariya ta halatta. Sannu da zuwa Sinyor Bello, ya mutanen Roma? A ce wa Maman Hanifa daga yau taliya ce abincin gado.

Ɗan Damagaram: Kai jama'a. Ni da na san haka da na je an nemo mini nawa, wataƙila mu ma a Faransa muke da gona.

Abban Hanifa: Ku yi ta yi. Ina Malam Sanusi ne? Shi nake jira.

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, firam ɗin naka ne tunda ka biya, amma abin da ke ciki ba naka ba ne, kuma ko da a ce kai Ba'italiye ne ɗan asali mai suna Bello, da wuya ya zama naka. A ƙa'idar Ingila babu wani abu wai shi tambarin suna. Mutum ɗaya ake ba tambari, da takardar shaida mai ɗauke da sunansa, sannan ya gangara ga 'ya'yansa da jikokinsa ta wajen uba. Wanda kuka yi tarayya a suna kawai, ba jini, ba shi da haƙƙi a ciki ko na ƙwayar zarra. Hukumar da ke kula da wannan a Landan, College of Arms, ta sha nanata haka. Sarki Richard na Uku ne ya ba ta takardar kafuwa a 1484, kuma har gobe tana nan a titin Queen Victoria, kusa da cocin St Paul.

Dabarar masu shagon ba ta da wuya. Akwai manyan kundaye da aka tattara a ƙarni na 19 masu jerin dubban tambura da sunayen masu su. An zuba su a kwamfuta. Ka faɗi suna, na'ura ta lalubo wani mutum da ya taɓa amsa wannan sunan, ko mai kama da shi, ta buga maka nasa. Bello kalma ce ta Italiyanci da Sifaniyanci mai nufin kyakkyawa, kuma suna ne a can. Namu Bellon daga Fulatanci ya zo, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ne ya sa ya bazu. Haruffa ne kawai suka haɗu.

Nura Mai Zane: Malam, to amma ni a aikina ina yawan ganin Turawa suna buga irin wannan a kofi da riga da zobe, suna cewa na gidansu ne. Duk ƙarya suke yi ke nan?

Malam Sanusi: Yawancinsu ba ƙarya suke yi da gangan ba, su ma sayar musu aka yi kamar yadda aka sayar wa ɗan'uwanmu. Ka ɗauki Smith, sunan da ya fi kowanne yawa a Ingila. Ma'anarsa Maƙeri. Kowane ƙauye da maƙerinsa, kuma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Ka ce duk wani Smith tambarinsa ɗaya, kamar ka ce maƙeran Tamburawa da na Zinder da na Agadas duk kakansu ɗaya ne.

Nura Mai Zane: To daga ina abin ya samo asali?

Malam Sanusi: Daga mayaƙan dawaki na arewacin Faransa da Ingila da maƙwabtansu, wajen tsakiyar ƙarni na 12. Bayanin da aka fi yi shi ne barde ya sa sulke ya rufe fuska da kwalkwali, ba mai gane shi, sai ya zana alama a garkuwarsa da tutarsa da rigar da yake ɗorawa a kan sulke. Daga wannan rigar ma sunan abin ya fito a Turanci, wato coat of arms. Amma masana da dama suna ganin filin wasan sukuwa da mashi da kuma hatimin takardu sun fi filin daga tasiri, domin a tsakiyar ƙura da jini wa ke da sukunin karanta garkuwa? Cikin tsofaffin misalai akwai Geoffrey na Anjou, wanda aka ruwaito surukinsa Sarki Henry na Ɗaya ya rataya masa garkuwa mai zakoki na zinariya lokacin da zai auri 'yarsa. Zakokin nan uku da kuke gani a rigar 'yan ƙwallon Ingila kuwa tun hatimin Richard na Ɗaya suke, ƙarshen ƙarni na 12.

Bari in ba ku labarin da zai nuna muku yadda suka ɗauki abin. A 1385 Sarki Richard na Biyu ya ɗaura yaƙi zuwa Scotland. A sansani sai Sir Richard Scrope, mutumin Bolton a nan Yorkshire ɗinku Abban Hanifa, ya hango wani barde daga Cheshire, Sir Robert Grosvenor, riƙe da garkuwa irin tasa sak: shuɗiya, da ratsin zinariya guda ɗaya da ya karkato daga kusurwar sama zuwa ƙasa. Shi ke nan zanen, ba zaki ba gaggafa. A kan wannan ratsin aka shekara biyar ana shari'a. An kira shaidu ɗaruruwa, tsofaffin mayaƙa suna rantsuwa cewa sun ga garkuwar a hannun kakan wane a yaƙi kaza, ana zuwa coci-coci ana duba gilasan taga da duwatsun kaburbura. John na Gaunt, baffan sarki, ya ba da shaida. Mawaƙi Geoffrey Chaucer ma ya bayar. A 1389 kotu ta ba Scrope gaskiya, ta ce Grosvenor zai iya ci gaba da amfani da ita in ya zagaye ta da farin baki. Aka ɗaukaka ƙara, a 1390 sarki da kansa ya ce a'a, irin wannan ɗan bambancin na 'yan'uwan jini ne, bare sai dai ya sake tasa ɗungurungum. Grosvenor ya koma damin alkama na zinariya a kan shuɗi. Zuri'arsa ce ta zama gidan Duke na Westminster, masu manyan filaye a tsakiyar Landan. Kuma ba su manta ba. Bayan kusan shekara 500 suka raɗa wa dokinsu na sukuwa sunan wancan ratsin da aka ƙwace musu, Bend Or, ya kuwa ci gasar Derby a 1880.

Maman Ilham: Shekara biyar a kan layi ɗaya! Ashe ba mu kaɗai ke shari'ar iyakar gona har jikoki ba.

Baba Wakili: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Malam Sanusi, Allah ya ƙara sani. Amma ina so yaran nan su san cewa abin da kake faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ni na tashi a gindin fada. Mutum bai isa ya naɗa rawani ya fitar da kunne biyu don ya ga ya yi masa kyau ba, sai a tambaye shi ɗan wane ne. Tagwayen masu na Sarkin Kano ne, takobin nan Gajere na Katsina ne. Kakaki ba a busa wa attajiri komai dukiyarsa. In hawan salla ake, tun kafin ka ga fuskar hakimi ka san wanda ke tafe, daga kayan dokinsa da shigar mutanensa da taken da ake kaɗa masa. Ita kanta kalmar da kuke ta faɗa, tambari, ai ganga ce, wadda ba a kaɗa wa kowa sai sarki. To ina bambancin?

Malam Sanusi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Gaskiya ne, kuma akwai ma kamar da ta fi wannan. Ma'aikatan hukumar nan ta Landan asalinsu sanƙirori ne da masu shela. Su ke sanar da bardan da ya shigo fili, su ke kai saƙo tsakanin rundunoni, su ke ƙirga manyan da suka faɗi bayan yaƙi. Dole su haddace alamar kowa, kamar yadda maroƙin fada ke haddace salsalar kowa. Har yau su 13 ne in sun cika, manya uku ana ce musu sarakunan tambura, kuma babbansu, Garter, shi ya karanta shelar hawan Sarki Charles daga benen fadar St James a Satumbar 2022. Shugabansu duka Duke na Norfolk ne, kuma gadon gidansu ne.

Inda na ga bambanci, Baba, wuri biyu ne. Yawancin abin da ka lissafa na sarauta ne, yana bin kujera. Wanda ya hau shi ke riƙe masu, ba kowane ɗan gidan ba. Na biyu, mu namu a kunne ya fi zama, kirari da take da kiɗa. Su nasu a ido yake, an zana an rubuta a kundi.

Baba Wakili: A kunne kawai? To zanen fuska fa? Bagobiri da Bakabe ai tun daga nesa ake karanta su, ba sai sun yi magana ba. Wannan ba sarauta ba ce, gado ne daga uba, kuma wanzami bai isa ya yi wa ɗan wani gida askar da ba tasu ba. Su sun zana a garkuwa, mu mun zana a kunci. Tasu in an ƙwace garkuwar shi ke nan.

Malam Sanusi: Na sallama, Baba. Wannan ya fi misalina ƙarfi. Sai dai zane na jama'a ne gaba ɗaya, duk dangi iri ɗaya, shi kuwa tambarin Ingila so ake ya ware mutum ɗaya tak daga kowa, har daga ƙaninsa.

Zainab A.: Malam, a yi mini afuwa, a nan ne nake da ja. Ina karatu a Edinburgh shekara ta uku ke nan, kuma abin da na gani a nan bai yi daidai da "babu alamar da ke bin suna" ɗari bisa ɗari ba. A Scotland duk mai suna Campbell ko MacDonald yana iya maƙala bajon danginsu a hula ko a ƙirji. Ana ɗaukar abin da ke saman kwalkwalin shugaban dangi, a zagaye shi da hoton ɗamara mai ƙarfe, a rubuta takensa a jikin ɗamarar. Ana sayar da su ko'ina, kuma ba laifi ba ne.

Malam Sanusi: Haka ne Malama Zainab, amma ki lura da ma'anar ɗamarar. Cewa take yi "ni mabiyin mai wannan alamar ne". Alamar tana nan ta shugaban dangi. Kamar dogari ne da jar riga da kore, rigar tana nuna gidan da yake yi wa aiki, ba ta mai da shi sarki.

Zainab A.: Na yarda da wannan. Amma dai sunan ne ya ba shi damar sa bajon, ba takardar salsala ba. Kuma a Poland ma abin ya sha bamban, gidaje da yawa masu sunaye daban-daban suna tarayya a tambari ɗaya, shi tambarin ma da sunansa na kansa. Ina nufin dokar Landan ba ita ce dokar duk Turai ba.

Wani abin kuma, a nan Scotland abin ya fi Ingila tsanani. Lord Lyon, mai kula da tambura a nan, alƙali ne na gaske, kotunsa na da mai gabatar da ƙara, kuma tun dokar 1672 duk tambarin da ba a shigar a rajista ba haramun ne a yi amfani da shi. Ana iya cin mutum tara, a sa shi ya cire. Kulob ɗin ƙwallo na Ayr United sai da ya sauya bajonsa saboda haka. Donald Trump ma ya gamu da su. Tambarin da yake bugawa a kadarorinsa a Amurka asalinsa na Joseph Davies ne, wanda aka ba shi a 1939, mijin matar da ta gina gidan Mar-a-Lago a Florida. Da Trump ya sayi gidan sai ya ɗauki tambarin, aka cire kalmar Latin da ke ƙasa mai nufin riƙon gaskiya, aka sa sunansa. A Amurka ba mai hana shi. Da ya zo gina filin golf kusa da Aberdeen aka ce masa ba a nan ba, sai da ya nemi wani daban aka yi masa rajista.

Malam Sanusi: Kin gyara ni, na gode. Sai in ce a Ingila da Scotland garkuwa ta mutum ɗaya ce, a wasu ƙasashen ta gida ce ko ta gungun gidaje, amma ba inda na sani da haɗuwar haruffa kaɗai ke ba ka ita. Ita Ingila kotunta ta wannan fanni barci take yi. Rabonta da zama tun 1954, lokacin da hukumar birnin Manchester ta kai wani gidan wasa ƙara don ya buga tambarin birnin a labulensa da hatiminsa, kuma kafin nan ta fi shekara 200 ba ta zauna ba. Don haka Abban Hanifa kwantar da hankalinka, ba mai zuwa Leeds ya kama ka.

Abban Hanifa: Alhamdu lillahi. Da ma ina ta tunanin yadda zan yi wa Gwaggo bayanin an ɗaure ni a kan garkuwar Italiya.

Abu Sumayya: Ni duk wannan dogon zancen ban ga amfaninsa ga Musulmi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa alfahari da asali cikin abubuwa huɗu na jahiliyya da za su wanzu a al'ummarsa, hadisin na cikin Muslim. Ga kuma hotunan zakoki da tsuntsaye a rataye a falo. Sannan mu tuna waɗannan garkuwoyin da su aka zo yaƙin 'yan Salibiyya. Ɗan'uwa ka cire shi kawai, ka ɗauka fam 45 ɗinka sadaka ce ta faɗa inda ba a so.

Maman Ilham: Ustaz, mutum ya yi tambaya don ya sani, ba cewa ya yi zai yi wa garkuwa sujada ba. Komai sai an kai shi jahiliyya?

Abu Sumayya: Hajiya ba faɗa na zo yi ba. Nasiha ce.

Zainab A.: Malam Abu Sumayya, maganar alfahari gaskiya ce, kuma wallahi akwai shi a cikin harkar nan, don mutane da yawa abin da suke saye a shagunan shi ne jin cewa su ma jikokin wani babba ne. Amma sanin asali daban, taƙama da shi daban. Ayar Hujurati da ta ce mafi girma a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, ita ce kuma ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna.

Malam Sanusi: Kuma ba Kiristocin Turai kaɗai suka yi ba. Mamalik da suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, waɗanda su ne ma suka ƙarasa korar 'yan Salibiyya, suna da nasu, suna ce masa rank. Sultan Baibars zaki ne alamarsa, yana jikin kuɗinsa da gine-ginensa. Amma yawancin na sarakunan yaƙinsu ba mai rai a ciki. Wanda ya yi aikin shayar da sultan sai ya sa kofi, magatakarda ya sa gidan alƙalami, mai riƙe sandunan wasan ƙwallon doki ya sa sandunan. Za ka gan su a fitilun masallatai da ƙofofin makarantu a Alƙahira. Ka ga nasu ya fi kama da abin da Baba Wakili ya faɗa, yana bin muƙami. A Andalus kuma sarakunan Banu Nasr na Garnaɗa garkuwa suka yi irin ta maƙwabtansu sak, da ratsi a karkace, suka rubuta "Wa la galiba illallah" a jiki. Tana nan birjik a bangon fadarsu ta Alhamra.

Abu Sumayya: Aikin sarakuna ba hujja ba ne a shari'a, Malam, kai ma ka sani. Amma na ji daɗin bayanin, ban san da na Garnaɗa ba. In rubutu ne da kofi ba ni da magana. A kan zaki dai ina nan a kan bakana.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ya fi ba ni dariya ba Italiya ba ce. Abban Hanifa, tsakaninka da Allah, Bello sunan gidanku ne?

Abban Hanifa: To, sunan mahaifina ne. Shi aka rubuta mini a firamare, ya bi ni har fasfo. Shi kuma mahaifin nawa Bello Umaru yake amsawa.

Ɗan Damagaram: Ka gani! Kai Bello, babanka Umaru, kakanka wani sunan. Kowane ɗa da sunan ubansa, in an haifi jika a sake. Ina sunan gidan da za a rataya wa garkuwa? Mu nan Nijar ma haka ne, har ba a san wanne ne gaba ba, shugabanmu na farko wasu su rubuta Diori Hamani wasu Hamani Diori. Ku kuma can da aka matsa muku a makarantar boko sai kuka ɗauki sunan gari: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur. In an bi lissafin mai shagon York, duk mutumin Shagari tambarinsu ɗaya da shugaban ƙasa.

Malam Sanusi: Su ma Turawan haka suka faro, sai wajen ƙarni na 13 da na 14 sunaye suka daskare suka zama na gado a Ingila. Johnson ɗan John ne, Taylor tela ne, wani kuma sunan ƙauyensu. Mu ma ga shi yana daskarewa a idonmu. Ɗantata laƙabin mutum ɗaya ne, Alhasan, wanda ya rasu a 1955, yau kuwa sunan zuri'a ne. Kuma ina tabbatar maka Hanifa Bello za a rubuta mata, ba sunan babanta ba, don al'adar Ingila haka take.

Abban Hanifa: Haka aka rubuta kuwa. Mahaifiyata har yau ba ta gane yadda jikarta ta zama 'yar mijinta ba.

Nura Mai Zane: To Malam, tambayar da ta dame ni. In mutum yana son nasa na halal fa? Ko ni in zana wa wani, akwai ƙa'ida?

Malam Sanusi: Ana nema, kuma ba sai jikan barde ba. In kana ƙarƙashin sarautar Birtaniya kana da abin nunawa, kamar digiri ko ƙwarewar sana'a ko hidimar jama'a, sai ka rubuta takardar roƙo zuwa ga Duke na Norfolk ta hannun ɗaya daga cikin sanƙirorin. Ku zauna ku tsara zanen, su bincika kundayensu kada ya yi karo da na wani, sannan a zana da hannu a kan fata, a rataya mata hatimai. Kuɗin fam dubbai ne, ba 45 ba. Mahaifin Shakespeare, mai ɗinkin safar hannu, haka ya samu nasa a 1596, aka sa masa mashi don sunansu na da mashi a ciki. Irin wannan wasa da suna suna son sa ƙwarai, gidan Bowes-Lyon na kakar Sarki Charles bakuna ne da zakoki, don sunan ya yi kama da baka da zaki a Turanci. Na kwanan nan kuma, mahaifin Kate Middleton ya karɓi nasa a 2011 dab da bikinta da Yarima William: 'ya'yan itacen oak guda uku saboda 'ya'yansa uku, da ratsin zinariya a tsakiya saboda sunan gidan su matarsa Goldsmith, wato maƙerin zinariya. Kuma ka lura, wannan na Michael Middleton ne da zuri'arsa. Sauran Middleton na duniya ba ruwansu.

Ƙa'idar zane ta farko da za ka riƙe, Nura, ita ce ta launi. Ruwan ɗorawa da fari su ake kira ƙarafa, zinariya da azurfa. Ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya su ne launuka. Ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora launi a kan launi, don a iya gani daga nesa. Ɗauko naira ka duba tambarin Najeriya: baƙar garkuwa, farin ratsi mai reshe biyu na haɗuwar Neja da Binuwai a Lakwaja. Azurfa a kan baƙi, an bi ƙa'ida. Jar gaggafar da ke sama ita ce tukkun kwalkwali, fararen dawakan su ne masu riƙe garkuwa. Su masu riƙewar ba kowa ake ba ba, sai manyan masu sarauta da manyan hukumomi. In ka ga shago ya buga wa talaka garkuwa da zakoki biyu a gefe, ka san an yi masa ƙari ne don ya ji daɗin biya.

Nura Mai Zane: Wallahi wannan ƙa'idar launin ita muke bi a allon talla ba mu san tana da tarihi ba. Rubutu ja a kan shuɗi ba ya karantuwa daga titi.

Zainab A.: Ƙarin wani abu da ya taɓa ruɗa ni. Na ga ɗan ƙaramin jinjirin wata a saman wata garkuwa a wani tsohon coci, na ɗauka mai ita ya musulunta ne ko ya je yaƙin Ƙudus. Ashe a tsarin Ingila alamar ɗa na biyu ce. Na fari da tasa alamar, na uku tauraro, na huɗu wani ɗan tsuntsu marar ƙafa.

Maman Ilham: Marar ƙafa saboda kafin rabon gado ya iso kansa ba sauran filin da zai taka, ko?

Malam Sanusi: Hajiya, ko da wasa kika faɗa, haka wasu tsofaffin marubutansu suka fassara shi.

Baba Wakili: Yaro, Abban Hanifa. In kana son abin ratayawa, kira gwaggonka tun tana da rai ta faɗa maka kirarin kakanka da sunayen iyayensa har inda ta sani. Ka ba Nura ya rubuta da kyau. Mu da muka yi sakaci, da yawa sun tafi da nasu a ciki.

Nura Mai Zane: Na ɗauki wannan kyauta, Baba. Da boko da ajami, in sa dagi a kusurwa. Ba zaki, saboda Ustaz.

Abu Sumayya: Allah ya yi albarka.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai jama'a, Baba na gode, zan kira Gwaggo ranar Juma'a in sha Allahu. Na buga wa shagon waya ɗazu, suka ce abin da aka riga aka buga da suna ba a mayarwa, kuma wai a ƙasan takardar an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba su ce ina da alaƙa da masu tambarin ba. Na duba, yana nan kuwa, sai da na sa tabarau. Na ce to bari in cire takardar in yi amfani da firam ɗin. Na nema sama da ƙasa ban gani ba. Ashe tun ranar Litinin Hanifa ta saka shi a jaka ta kai makaranta, ranar da kowane yaro ke kawo wani abu daga gida ya yi bayani. Yau da na je ɗaukar ta malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa da fara'arta, wai ita ma kakarta 'yar can ce, daga wane gari muke a Italiya?

Maman Ilham: Me ka ce mata?

Abban Hanifa: Na ce Gusau. Ta ce ba ta san shi ba, a kudu yake ko a arewa? Na ce arewa maso yamma.